Fure Uku Bayan Fim ɗin Gimbiya

Da la'asar suka fito daga silima a birnin Yekaterinburg na ƙasar Rasha, jama'a na ta musu kan fim ɗin zane na gimbiyar da ta tsira daga kisan gidan sarauta. Wani tsoho yana tsaki, 'yan mata na share hawaye.

Gleb ya miƙa wa maƙwabciyarsa Taisiya furanni uku. Shekara huɗu ke nan mijinta ya ɓata a yaƙi, ba gawa ba wasiƙa.

"Fim ɗin bai burge ki ba, Taisiya Pavlovna?"

"A garin nan aka harbe gimbiyar ta gaske, kowa ya sani," ta ce. "Amma da ta dawo a fim ɗin tana waƙa, sai na ji ina son in yarda. Aikina ke nan kullum a bakin taga, ina jiran mijina."

Ya sunkuyar da kai. "To tambayar da na zo da ita, in haƙura?"

Ta daɗe tana kallon furannin. Sannan ta zare biyu, ta ajiye a gindin dutsen tunawa da sojoji da ke gefen hanya.

"A al'adarmu ai fure biyu na mamaci ne," ya ce a hankali.

"Na sani." Ta rungume ɗayan. "Wannan nawa ne, ni ina da rai. Yi tambayarka, Gleb."