Kwalbar Ok-bun

Bugun farko a baki ya same ta. Ok-bun, 'yar aikin gidan, na tsugune a bakin rijiya tana darzar fon tagulla da ubangidanta ke bahaya a ciki da toka, kamar kowace safiya, filafilin jirgi ya sauka a muƙamuƙinta. Wani abu ya karye a ciki. Fon ya gangara gindin katanga.

Tsoho Pyo, mai jiragen kamun kifi mafi yawa a tsibirin, ya sake ɗaga filafilin.

"Tun kina yarinya kike cin shinkafata, ashe mutuwa kike dafa mana."

Da damina atuni ya shigo gidan. Masunta biyu da ke cin abinci a nan suka kwanta suna zawo da jini. Su sun tashi. Chun-ho, jikan Pyo namiji tilo, bai tashi ba. Yaron da tsohon ba ya yarda kowa ya ciyar sai shi, a kan cinyarsa, da hannunsa.

Pyo kuwa ko ciwon ciki bai yi ba. Ya sha faɗa a mashaya cewa hanjinsa na ƙarfe ne.

Bayan jana'iza Nas Ha ta tsallako daga asibitin gunduma da ƙananan kwalabe. Ta ce ƙwayar cuta ce, kuma mutum kan ɗauke ta a hanjinsa yana yawo lafiya lau, hannunsa na raba wa mutane. Kowa a gidan zai kawo bahayarsa a gwada.

Pyo ya wurga tasa kwalbar cikin teku.

"Yarinya, ko uwarki ba ta isa ta ga kashina ba. Ki gwada masu girki."

Nas ta haɗiye zagin. Sauran ta ce musu duk wanda bai kawo ba kafin jirgin safe, ɗan sanda zai zo ya tafi da shi.

Ok-bun ta goyi Chun-ho tun yana jariri. Tun rasuwarsa ruwa kaɗai ke wucewa maƙogwaronta. Ranar ta yi ta zarya zuwa masai tana fitowa da kwalba fayau, matan masunta na mata dariya: "Yaya, ko mu ara miki?" Amma da safe kwalbarta na cikin sauran. Nas ce ta rubuta sunan, don Ok-bun ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Yau sakamako ya iso. Kwalba ɗaya tak ke da ƙwayar, mai sunan Ok-bun. Mai tuƙin jirgi ya riga Nas kai labarin gidan.

Bugu na biyu ya sauka a haƙarƙari, na uku a gadon baya. Maƙwabta sun cika ƙofa, babu wanda ya matso. Ok-bun ta ja ciki wajen katanga, jini na bin haɓarta, ta miƙa hannu tana nuna fon. Ta buɗe baki, sai gurnani.

"Har yanzu kina son taɓa kayana?" Pyo ya ɗora dunduniya a kan yatsunta ya murza.

Nas Ha ta kutso tana haki, ta tsaya tsakaninsu.

"Baba, in ka kashe ta, wa zan yi wa magani? Ba da gangan ba ne. Ita ma ba ta sani ba."

Aka ciro ƙyauren rumbu aka ɗora ta. Nas ta ɗaure mata haɓa da bandeji tamau, ta ce zai ɗauki makonni kafin bakin ya buɗu.

Mal-sun, ƙanwar marigayin, na ta kuka a bayan uwarta. Pyo ya jefar da filafilin, ya zauna a dandamali inda abincin safe ke jira, ya karɓi yarinyar.

"Zo nan, 'yar Kaka. An fitar da annoba. Daga yau ni zan riƙa ba ki."

Ya yagi ganyen kimci, tsimammen kabeji, da yatsunsa, ya naɗe lomar shinkafa a ciki.

A kan ƙyauren Ok-bun ta fara fizge-fizge, sai da maza biyu suka danne ta. Tana kallo yarinyar ta buɗe baki, ita kuwa nata a ɗaure, ba halin ta ce abin da ke cikin kwalbar nan daga fon Pyo ta ɗebo shi.