Cek Ɗin da Ya Ƙi Shiga

"Ranka ya daɗe, wannan cek ɗin ba zai shiga ba," in ji ma'aikaciyar bankin, ta turo wa dattijon da ke gabanta shi ta ƙarƙashin gilashi. "Sunan farko daidai ne, amma na uban ba shi ne a asusun ba."

Dattijon ya daki tebur. "Ke yarinya, mai asusun 'yata ce fa! Sunana na rubuta. Gwaggonta ce ta ba ni lambar asusun."

"Sunan kawunta ne a kai."

"Kawu? Shi ya haife ta?"

"Shi ya riƙe ta tun tana shekara huɗu."

Dattijon ya sassauta murya. "Wannan kuɗin ne kaɗai hanyar da ta rage min in nemi gafararta. Ki kira min ita a waya, in ji daga bakinta."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Ai daga bakinta kake ji tun ɗazu. Minti goma kana tsaye a gabana ba ka gane ni ba. Ɗauki takardarka, Malam. Na gaba!"