Gawar da Ke Numfashi

"Mayar da shi baya," in ji darakta, yana tsaye a kaina yana nuna allon kwamfuta. "Kin gani? Gawa tana numfashi!"

Na mayar. Fim ɗinmu ne na binciken kisa da nake tacewa, daidai inda ɗan sanda ya yaye zane daga kan mamaci. Ƙirjin saurayin da ya fito a gawar ya ɗaga a hankali, ya sauka.

"Yanke wurin, 'yar'uwa. Masu kallon yanzu idon shaho gare su, sai sun mai da mu abin dariya. Wai ma wa ya kawo mana wannan? Ko mutuwa bai iya ba!"

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, ban da ni.

"Yallaɓai, a bar shi. Ba wanda zai lura."

"Ke da ba ki barin ko inuwar makirufo ta wuce? Ko ki yanke, ko in ba wani aikin."

Na ɗora yatsa a kan maɓalli, yatsan ya ƙi.

Ni na kawo saurayin. Da ma shi zan aura. Ranar ɗaukar wurin, ya ce ni ya hango ta gefen ido, dariya ta kusa kufce masa, shi ya sa ƙirjin ya ɗaga. Ba a jima ba wasu suka tare shi a hanya, suka kashe shi saboda wayarsa. A fim ɗinmu ana kama mai kisa kafin ƙarshe. Nasa har yau shiru.

"Yallaɓai," na ce, "nemo wanin. Duk duniya nan kaɗai ya rage yana numfashi."