Sashe na Tara

Kujerar da aka ba 'Yar Lungu a zauren kwamitin majalisa tana da ƙafa ɗaya gajera, da ta motsa sai ta yi ƙara. Sunan nan daga shagonta ya bi ta, wani ɗan ɗaki a lungun masu gyaran waya, inda ita da ƙannenta biyu suke canza wa mutane kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet. An kira zaman ne don jin bakin jama'a kan sabuwar doka. Sashe na tara ya ce duk mai wannan sana'a sai ya mallaki lasisi da babban ofis da lauya na dindindin. In sashen ya wuce, shagonta ya mutu.

Minti uku aka ba ta. Tana cikin bayanin yadda take duba katin shaidar duk mai ciniki, shugaban kwamiti ya ƙwanƙwasa tebur.

"Malama, wai shago ne da ke ko rami? Mun ga hotonsa."

Aka kwashe da dariya. Ta koma ta zauna, kujera ta yi ƙara.

Sai lauyan babban kamfanin kirifto ya miƙe, ya ce su ma dokar ta yi musu tsauri, a sassauta. 'Yar Lungu ta ji sanyi a ranta. Ashe manya ma suna tare da ita.

Daga nan aka kira wata tsohuwa daga cikin jama'a. Ta taho a hankali, zanenta duk ya koɗe, tana dogara wata sanda mai kan azurfa. Lauyan ya yi maza ya janye jakarsa daga hanya, ya buɗe mata gorar ruwa tun kafin ta nema.

Tsohuwa ta ce masu kirifto sun cinye gumin mijinta marigayi. Ba ta yi kuka ba. Ta nuna lauyan da sanda.

"Kai mai ƙaton agogo, ba ka jin kunya? A sassauta? Sai dai a ƙara."

Ya sunkuyar da kai. Ta juyo kan 'Yar Lungu.

"Ke kuma 'yar nan, ranar da kika rufe ramin naki kika gudu, ƙofar wa za mu buga? Ranka ya daɗe, kada ku taɓa sashe na tara, musamman ƙaramin sashe na biyu."

Zaure ya kaure da tafi. Washegari hoton tsohuwar ya cika jaridu, babu ɗan kwamitin da ya ƙara yin zancen sassauci. Doka ta wuce ba a cire mata ko wasali ba.

Cikin wata huɗu ƙananan masu canji suka rufe ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Lungu ta sauke allon shagonta, ta miƙa wa mai gida makulli. Kamfani ɗaya ne rak ya cika sharuɗɗan lasisi, don haka can ta tafi neman aiki.

Lauyan nan ne ya tarbe ta. Ya duba takardunta, ya ce ba a ɗaukar kowa sai an ga mai kamfani. Suka hau bene, ya tura wata ƙofa, ya rusuna.

"Mama, ga yarinyar nan ta zaman kwamiti."

Bayan babban tebur, tsohuwar ta ɗago kai tana murmushi, sanda mai kan azurfa na jingine da kujerarta.