Depiten da Bai Tashi Ba

"Kin samo?" Kaka ta tambaye ni tun ban sauke jakar da na dawo da ita daga Paris ba.

Mahaifinta depite ne, wato wakilin jama'a, a majalisar Faransa zamanin Nasara. Sau biyu talakawa suka zaɓe shi saboda labari ɗaya: wata rana majalisa duka ta miƙe, shi ya ƙi tashi. Da wannan kirarin ta raine mu a garin Vénissieux na Faransa. Har sunansa na sa wa ɗana.

Na samo labarin kuwa, a takardun majalisar. Ma'aikaciyar ɗakin tarihi ta bayyana mini cewa a lokacin da ƙafa ake ƙuri'a, mai goyon baya ya miƙe, mai adawa ya zauna. Ran da ya ƙi tashin, cewa aka yi, "Masu son a daina kwasar mutane aikin tilas su tashi."

Kaka ta riƙo hannuna.

"Gaskiya ne, Kaka," na ce. "Bai tashi ba."

Ta rangaɗa guɗa. Ɗana ya zabura zai rugo, ta ɗaga masa hannu.

"Zauna, Baba. Irinku ba sa tashi."