Ƙofar Ɗakin Inji

Ɗan lidon bai gama birgima ba Oddvar ya daki teburi.

"Ƙarya ne! Wa zai yi iyo a ruwan tekun Janairu mai sanyin ƙanƙara da takalmin roba a ƙafa? Minti biyar ya zama gawa."

Da Gunvor yake. Ita ce mai jan labari a wasan da suke yi duk Asabar da rana a ɗakin baya na laburaren garin. Ita ke faɗin inda ake da abin da ya faru, 'yan wasa su faɗi abin da mutanensu na cikin labarin za su yi, ɗan lido ya yanke hukunci. Shekara biyu ke nan tsohon ma'aikacin jirgin ruwan nan yana tsinka mata zare. Ko dodo ta kawo, sai ya ce fukafukinsa ba za su ɗauki nauyinsa ba.

Mutum uku sun bar teburin saboda bakinsa. Tordis da Eskil da suka rage sun gaya mata ɓaro-ɓaro cewa yau ce ta ƙarshe, ko shi ko su. Abin da ya fi ƙona musu rai, ita ta gayyato shi tun watan da ta dawo garin daga kudu, ita ke zuba masa kofi, ita ke tura masa farantin waina da cuku. Ta tsane shi kamar ta mutu, amma ba ta taɓa cewa ya tashi ba. Shi kuwa ko sau ɗaya bai tambaye ta 'yar gidan wa ce ba. "Yarinya" kawai yake ce mata, ga ta da furfura.

Yau ta ajiye dodanni. Ta kife wayarta kusa da butar kofi, ta ƙwanƙwasa teburi sau uku kamar yadda take buɗe kowane wasa, ta jefa su cikin jirgin kamun kifi a tsakiyar guguwa. Ruwa na shiga ta ƙasa, mai kula da inji kuma yana can ciki.

Sai ga Gunvor, wadda ba ta zuwa sai ta yi bincike, tana ta zuba kurakurai. Ta ce injin jan koma yana hagu, Oddvar ya ce dama. Ta ce fitilun sun mutu, ya ce ta gaggawa tana ci, ja ce. Ta ce matakala tara ce zuwa ɗakin inji.

"Sha ɗaya! Ta huɗun ma a karye take." Ya yi tari. "A irin waɗannan jiragen, nake nufi."

"Haba Oddvar, ka bar mu mu sha iska mana!" in ji Tordis. "Wasa muka zo, ba jarrabawa ba."

"Wasan da ba gaskiya a ciki tatsuniyar yara ce."

Gunvor ta ci gaba da labarin. Ta ce sun iso ƙofar ɗakin inji. Eskil ya ce mutuminsa zai buɗe, ya jefa ɗan lido, shida ta fito.

"Ta buɗe salin-alin," Gunvor ta faɗa tana kallon tsohon. "Ko gumi ba ku yi ba. Kun fito da mai kula da injin da ransa. Ashe dai da ma abu ne mai sauƙi, ko ragon mutum zai iya."

Kujerar Oddvar ta kife. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yawu na tsalle daga bakinsa.

"Sauƙi? Ke me kika sani, yarinya? Ruwa ya kai ƙugu a ciki! An riga an murɗe ƙofar, an soka sandar ƙarfe a mariƙinta! Ko yana bugawa da sifana, uku-uku, uku-uku, har kwanyarka ta tsage, ba ka buɗewa! Ka buɗe, mutum shida su bi shi ƙasa!"

Baki shi ke yanka wuya, kuma hali zanen dutse ne. Shekara biyu Gunvor tana ciyar da wannan halin da kofi da haƙuri.

"Ban ambaci sandar ƙarfe ba," ta ce. "Ban ce yana bugawa ba."

Ta ɗaga wayar, ta tsayar da naɗin murya. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Oddvar ya rantse a gaban masu binciken hatsarin jirginsu cewa ruwa ya hana shi sauka ƙasa, bai ga ƙofa ba, bai ji komai ba. Mutumin da ya mutu a bayan ƙofar nan kuwa, uku-uku yake buga ƙofar ɗakin 'yarsa Gunvor kowace safiya don ta tashi makaranta.