Shaƙuwar Kumandan

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Zamanin Faransa, lokotoron Maradi, wato likita, ya kai ƙarar Tasalla ta Tibiri, wai tana saida magani babu izini. Kaso ke jiran ta. Kumandan, baturen mulki, zai yanke hukunci ke nan, sai shaƙuwa ta sarƙe shi. Kun dai san maganinta: a yi wa mutum ƙazafi ya firgita.

Tasalla ta daka tsawa: "Kai, bature! Ina akuyata da ka sace?"

Tafinta ya fassara. Shaƙuwa ta tsaya cak. Kumandan ya raɗa masa: "Wa ya gaya mata?"

Wayyo cikina! Tasalla ko kaza ba ta da ita. Aka sallame ta da jar akuya, lokotoro ya koma asibitinsa, kumandan kuma ya nemi canjin gari.